Hanyar Samun Sikolashif ga Ɗaliban Ƙasar Bunkure: Jagora ga Ɗalibai da Iyaye

Tallafin karatu na cancanta, wanda jama'a suka fi kira sikolashif, kuɗi ne ko ɗaukar nauyi da gwamnati ko kamfani ko wata gidauniya kan ba ɗalibi saboda ƙwazon da sakamakon jarrabawarsa ya nuna, ba tare da an nemi ya biya daga baya ba. Ya bambanta da alawus ɗin da Hukumar Tallafin Karatu ta Jihar Kano ke ba 'yan asalin jihar da ke manyan makarantu, wanda babban sharaɗinsa shi ne mutum ya kasance ɗan jiha kuma ɗalibi, haka kuma ya bambanta da bashin karatu na asusun NELFUND da ya fara karɓar masu nema a shekarar 2024, domin shi wannan rance ne marar kuɗin ruwa da ake fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Sanin wannan bambanci yana da amfani, domin alawus da rance ana iya nemansu bayan an shiga jami'a, amma tallafin cancanta ana gina shi ne tun daga ƙaramar sakandare, kuma ranar da aka fitar da sanarwar neman sa, takardun da za a auna ɗalibi da su an riga an rubuta su shekaru da suka wuce, babu abin da zai iya ƙarawa ko ragewa a cikinsu.

Ɗalibin ƙasar Bunkure yana da wani yanayi da ɗalibin cikin birnin Kano ba shi da shi, wanda duk wani shiri da bai yi la'akari da shi ba zai tsaya a takarda. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, aka kuma jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure a ƙarƙashin shirin noman rani da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Ana shuka alkama da sanyin hunturu a girbe ta wajen Maris da Afrilu, ɗibar tumatir tana kankama daga Janairu har zafin bazara ya shigo, ga dashen shinkafa da ban ruwa da korar tsuntsu waɗanda galibi yara da samari ne ke yin su. Waɗannan watanni kuwa su ne daidai lokacin rajistar JAMB da zama jarrabawarta, sannan WAEC ta biyo baya a Mayu da Yuni, NECO kuma ta shigo lokacin da damina ta sauka ana fama da sabon dashe. Wannan haɗuwa tana da fuska biyu: kuɗin rajista yana zuwa hannun uba a daidai lokacin da ake bukatarsa, abin da manomin da ke dogaro da damina kaɗai ba ya samu, amma kuma lokacin yaron yana tsada a daidai lokacin da karatu ya fi bukatarsa. Abin da ya dace shi ne magidanci ya yanke shawara tun farkon rani cewa ɗan da ke ajin ƙarshe an sauke masa aikin gona na watanni huɗu ko biyar, ya sanya kuɗin ɗan ƙwadagon da zai maye gurbinsa cikin lissafin noman shekarar kamar yadda yake sanya kuɗin taki da iri.

Mataki na farko yana aji uku na ƙaramar sakandare, inda ɗalibi ke zama jarrabawar kammala ilimin bai-ɗaya, sannan kuma, ga wanda ke da ƙarfi a lissafi da kimiyya, akwai jarrabawar shiga makarantun Hukumar Makarantun Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano. Waɗannan makarantu, waɗanda aka fara da na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a shekarar 1977, sun yaye ɗimbin likitoci da injiniyoyin da Kano ke alfahari da su, kuma da yawa daga cikinsu 'ya'yan manoma ne da jarrabawar ce kaɗai ta kai su can. Dawakin Kudu maƙwabciyar Bunkure ce, kwalejin fasaha ta Bagauda ma ba ta da nisa, akwai kuma kwalejin kimiyya ta 'yan mata a Garko. Ya kamata uba ya je da ƙafarsa wurin shugaban makaranta tun zangon farko na aji uku ya tambayi lokacin da fam ɗin wannan jarrabawa ke fitowa, domin sau da yawa yaro mai hazaƙa yana rasa wannan dama ne kawai saboda labari bai iso ƙauyensu ba sai da aka rufe.

A aji biyu na babbar sakandare kuma sai jarrabawar tantancewa da ɗalibai ke kira kwalifayin, wadda sashen KERD na Ma'aikatar Ilimi ke shiryawa domin fitar da waɗanda gwamnatin jiha za ta biya wa kuɗin jarrabawar kammala sakandare. Wannan ita ce sikolashif ta farko da yawancin ɗaliban makarantun gwamnati ke haɗuwa da ita, ko da yake ba a kiranta da wannan suna, kuma yawan darussan da ake bukatar a ci yakan sauya daga shekara zuwa shekara gwargwadon abin da gwamnati ta yanke. Amfaninta ya wuce kuɗin da take sauƙe wa iyaye, domin ita ce ke nuna wa ɗalibi inda yake da rauni alhali da sauran shekara guda a gabansa. Wanda ya faɗi Turanci ko Lissafi a kwalifayin ya sami gargaɗi a kan lokaci, kuma hutun ƙarshen shekarar nan ya kamata ya tafi a kan darasin da ya faɗi.

Jarrabawar kammala sakandare hukumomi huɗu ne ke shirya ta: WAEC da aka kafa a 1952 wadda ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci suka yi tarayya a cikinta, da NECO ta Najeriya da aka kafa a 1999 mai hedikwata a Minna, da NABTEB ta ɗaliban fasaha da kasuwanci, da NBAIS ta makarantun Larabci da addinin Musulunci. A WAEC da NECO sakamako yana fitowa ne a matakai tara, daga A1 wanda shi ne ƙoli, zuwa B2 da B3, sai C4 da C5 da C6, waɗanda duk ake kira kiredit, sannan D7 da E8 waɗanda cin jarrabawa ne marar ƙarfi, sai F9 wato faɗuwa. Jami'o'i suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin fannoni, a zama ɗaya ko biyu. To amma wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ke buɗe ƙofa, kuma mai neman tallafin cancanta bai kamata ya auna kansa da shi ba, domin sassa irin su likitanci da wasu masu ba da tallafi sun fi son a kawo sakamakon zama ɗaya, wasu jami'o'in kuma suna mayar da kowane mataki zuwa maki su haɗa da na JAMB, ta yadda tazarar da ke tsakanin B3 da C6 za ta iya raba mai samun gurbi da mai jiran baɗi.

Ɗaya daga cikin darussan da suka fi kayar da ɗaliban karkarar Kano shi ne Turanci, kuma illarsa ba ta tsaya a takardarsa kaɗai ba, tunda duk sauran tambayoyin, ban da na Hausa da Larabci, da shi ake yin su. Yaron da zai iya lissafa kuɗin kwando arba'in na tumatir a ka, ya cire na mota da na dillali da na 'yan ɗiba kafin babba ya gama latsa waya, ba shi da matsalar ƙwaƙwalwa, amma sai ya faɗi tambayar riba da faɗuwa a jarrabawa saboda kalma biyu da bai gane ba a cikin jimlar. Maganin wannan ba haddar ƙa'idojin nahawu ba ne a makon jarrabawa. Abin da ke aiki shi ne karatu na kullum, shafi biyu ko uku daga littafin labari ko jarida ko ma littafin Bayoloji, a karanta da murya a fili, a rubuta kalmomin da suka gagara a wani ɗan littafi na musamman, sannan a rufe littafin a sake faɗin abin da aka karanta da Hausa, a kuma rubuta shi a jimla biyar da Turanci. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ainihin abin da tambayar taƙaitawa ke nema a WAEC da NECO, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi tsallakewa saboda yana da wuya. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki a gidan manomi shi ne bayan sallar Asuba kafin a fita, lokacin da jiki bai gaji ba kuma ba a bukatar wutar lantarki sosai. Wanda ya bar karatunsa sai bayan Isha'i, ya wuni a rana yana ban ruwa, barci ne zai ci rabonsa.

Ga Lissafi da Fiziks da Kemistiri kuwa, hanyar da malamai suka daɗe da tabbatarwa ita ce aiki da tambayoyin shekarun baya, amma akwai yadda ake yin sa ya yi amfani. Ɗalibi ya ɗauki takardar shekara guda, ya ajiye agogo, ya amsa ta ba tare da leƙa amsoshin da ke bayan littafi ba, sannan ya duba, ya ware tambayoyin da ya faɗi gida uku: waɗanda bai taɓa koyon batunsu ba, da waɗanda ya sani amma ya yi kuskuren lissafi, da waɗanda bai fahimci abin da ake tambaya ba. Kashi na farko shi zai kai wa malami ko ɗan unguwarsu da ke jami'a idan ya zo hutu, na biyu maimaici ke gyara shi, na uku kuma ya koma ga batun Turanci. Ƙungiyar karatu ta mutum huɗu ko biyar tana rage tsadar littattafai, kuma tana tilasta wa kowa ya yi wa 'yan'uwansa bayani, wanda shi ne ke fallasa ko mutum ya gane ko hadda ya yi.

Akwai wani sashe na wannan aiki da ba ya bukatar hazaƙa ko kaɗan, amma yana ɓata wa masu hazaƙa shekara, wato daidaita takardu. Tun shekarar 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN, kuma sunan da ke kanta da ranar haihuwa su ne za su bi ɗalibi har ya gama jami'a. A ƙasar Hausa abu ne da aka saba a ga yaro ɗaya yana Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, a wata takardar ya sanya sunan mahaifinsa a ƙarshe, a wata kuma ya sanya sunan garinsu, ranar haihuwa kuma kowane malami ya rubuta wadda ya ƙiyasta. Kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne. Don haka kafin aji uku na babbar sakandare ya kamata a zauna a zaɓi rubutun suna guda da jerinsa guda da ranar haihuwa guda, a tabbatar sun yi daidai a takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, da katin NIN, da rajistar makaranta, da takardar shaidar asali da ake kira indijin, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa bisa shaidar mai unguwa da dagaci da hakimi. Duk waɗannan a yi musu kwafi, a ɗauki hotonsu a waya, a adana na asalin inda ruwa da gara ba za su kai ba.

Rajistar JAMB, hukumar da aka kafa a 1978 domin tsara shiga manyan makarantu, tana farawa da aika lambar NIN ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, inda za a maido wa ɗalibi wata lamba da zai sayi fam da ita. Layin wayar da aka yi wannan da shi ya zama na ɗalibin ko na gidansu, kada ya zama na mai shagon intanet ko na aboki, domin ta kansa ne saƙonnin hukumar za su riƙa zuwa. Cike fam ɗin kuma a cibiyar da hukumar ta amince da ita kaɗai ake yi. A nan ne ake zaɓen darussa huɗu, Turanci dole, sauran ukun kuma gwargwadon fannin da ake nema: Bayoloji da Kemistiri da Fiziks ga likitanci, Lissafi da Fiziks da Kemistiri ga injiniyanci, Adabin Turanci tare da darussa biyu na fannin zamantakewa ko adabi ga aikin lauya. Kuskure a wannan zaɓe yana hana gurbi komai yawan makin da aka ci, saboda haka a duba kundin hukumar kafin a tafi, kada a bar wa mai buga kwamfuta ya zaɓa.

Ita jarrabawar, wadda ake kira UTME, tun 2015 gaba ɗayanta a kwamfuta ake yi. Tambayoyi 180 ne a cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki kuma 400. Kowace tambaya ke nan tana da daƙiƙa 40 kacal idan aka raba lokacin daidai. Ɗalibin da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba yakan ɓata minti goma na farko yana rawar hannu, alhali abin da ake bukata kaɗan ne: haruffan A da B da C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske ta cancanci kuɗinta ga ɗan ƙauye fiye da kowa, haka nan zama biyu ko uku a wata cibiyar kwamfuta a Kura ko Rano ko cikin Kano. Ba a rage maki saboda amsar kuskure, don haka babu dalilin barin tambaya babu amsa, kuma dabara ita ce a fara da darasin da aka fi ƙarfi a kai, a tsallake mai wuya a dawo mata. A shekarar 2024 kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda suka zauna ba su kai maki 200 ba, abin da ke nuna cewa wanda ya haura 250 ya shiga cikin 'yan tsiraru a faɗin ƙasar nan, ko daga wace makaranta ya fito.

Bayan sakamako sai batun gurbi, wanda tun 2017 ake bi ta tsarin CAPS na intanet, inda ɗalibi zai ɗora sakamakon WAEC ko NECO, ya riƙa dubawa, idan an ba shi gurbi ya karɓa da kansa kafin wa'adi ya wuce. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, Kano kuwa tana cikinsu. Ma'anar wannan ita ce ɗan Bunkure da ya zaɓi Jami'ar Bayero ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana da ƙofa fiye da ɗaya, ga kuma jami'o'in jiha irin ta Aliko Dangote da ke Wudil. Jami'a takan yi tata tantancewar bayan UTME, kuma a nan ne asirin wanda aka yi wa satar amsa a sakandare ke tonuwa. Cibiyoyin da ake kai yara ana biyan kuɗi domin a rubuta musu amsa a allo cuta ce ga yaron kafin kowa, domin ko hukumar jarrabawa ba ta riƙe sakamakon cibiyar ba, takardar da ya fito da ita ta yi masa alkawarin abin da kansa ba zai iya cikawa ba.

Yawancin manyan tallafin cancanta ba a ba ɗan sabon shiga, sai wanda ya yi shekara ɗaya ko biyu ya nuna matsakaicin makinsa, wanda ake kira CGPA. Yadda ake lissafa shi kuwa shi ne kowane kwas yana da nauyi, kowane sakamako kuma yana da daraja: A, wato maki 70 zuwa sama, tana da 5, B tana da 4, C tana da 3, har zuwa F marar komai. Idan ɗalibi ya ci A a kwas mai nauyi 3 ya sami 15, idan ya ci C a mai nauyi 2 ya sami 6, sai a haɗa 21 a raba da jimillar nauyi 5, a sami 4.2. Daga 4.50 zuwa 5.00 shi ne digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 kuma daraja ta biyu babba. Tunda matsakaici ne da ke tarawa, shekarar farko ita ce mafi tasiri, kuma ita ce shekarar da ɗan karkara ke fama da baƙunta da neman wurin kwana da komawa gida duk ƙarshen mako domin taya aiki. Wanda ya faɗi ƙasa da 3.00 a wannan shekara zai sha wuya kafin ya hau inda masu tallafi ke dubawa.

Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya tana ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati tallafi bayan jarrabawar kwamfuta, kuma a sanarwarta ta saba neman CGPA na 4.0 ga 'yan jami'a. Gidauniyar MTN tana neman 3.5 ga ɗaliban kimiyya da fasaha, kamfanonin mai irin su Shell da TotalEnergies tare da NNPC suna da nasu da ke buɗe ga duk 'yan ƙasa bayan gwajin basira, asusun PTDF kuma yana ɗaukar nauyin digiri na biyu da na uku a fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. A matakin jiha, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura ɗaruruwan masu digiri karatu ƙasashen waje a zangonta na biyu, gwamnatin Abba Kabir Yusuf kuma ta farfaɗo da shirin a 2023 inda ta tura masu daraja ta ɗaya zuwa Indiya da Yuganda. Ga ɗaliban makarantun Larabci akwai guraben Jami'ar Musulunci ta Madina da Azhar ta Masar. Sharuɗɗan kowanne suna sauyawa, don haka sanarwar shekarar da ke shafin hukumar ko allon ofishin kula da harkokin ɗalibai ita ce abin dogaro, kuma duk wanda ya nemi a tura masa kuɗi domin ya sanya sunan ɗalibi a jerin waɗanda suka yi nasara, ɗan damfara ne.

Dukkan abin da ya gabata ya shafi 'ya mace kamar yadda ya shafi ɗa namiji, sai dai ita lokacinta ya fi rarrabuwa tsakanin aikin gida da turara shinkafa da talla, kuma sau da yawa maganar aure tana tasowa ne a tsakanin kwalifayin da NECO, wato a daidai shekarar da ta fi tsada a karatunta. Iyayen da suka ga 'yarsu tana cikin na gaba a aji za su iya sanya kammala jarrabawa, har ma da ci gaba da karatu, cikin sharuɗɗan da ake tattaunawa da dangin mai nema, tunda yankin yana matuƙar bukatar ungozomomi da malaman jinya da likitoci mata waɗanda matan ƙauyukansa za su sake da su.

Wajen zaɓen fanni, yawancin masu maki mai kyau likitanci suke rubutawa, inda gasa ta fi zafi kuma gurabe suka fi ƙaranci, su manta da fannin da suka fi kowa shiri a kansa. Ɗan Gafan ko Barkum ko Gurjiya a ƙasar Bunkure da ya shiga injiniyancin noma da ban ruwa, ko kimiyyar ƙasar noma, ko kariyar amfanin gona, ya riga ya san yadda ruwa ke kwanciya a fili ya ɓata shi, ya ga yadda tsutsar Tuta absoluta ta cinye tumatirin Kano a 2016, kuma wannan sani yana sauƙaƙa masa darussan da abokansa na birni ke haddacewa. Tashar binciken ban ruwa ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello tana nan Kadawa, inda zai iya neman yin aikin koyon sana'a na shekarar karatu, Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero kuma, wadda ke cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa, tana karɓar masu digiri na biyu da na uku a waɗannan fannoni.